Igiyar Gugan Kaka

Assalamu alaikum Kawu,

Ka gafarta mini ƙarfin halin rubuto maka. Ina fatan kana lafiya, da Inna Hajara da yara. Yaya aiki, yaya kuma ƙarin haƙurinmu?

Kafin Kaka ya kwanta ciwo, an koya mana fankshin a darasin lissafi, wato yadda abu ke sauyawa idan wani ya sauya. Malama ta ce kowa ya samo misali a gida, sai na zaɓi rijiyar garkar albasar Kaka. Duk Juma'a yakan zura guga har ya taɓa ruwa, ya ƙulla igiya daidai bakin rijiya, ni kuma in auna in zana. Da na ce masa zanen ya nuna ruwa zai ƙafe a mako na goma, sai ya yi dariya ya ce, "Amarya, ke da boko ku ka yanke ma rijiya wa'adi?"

Ƙulli shida ya yi, Kawu. Ranar da zai yi na bakwai aka kai shi makwanci. Jiya rijiyar ta ƙafe, a makon da na faɗa. Na fi kowa maki a aji, amma wanda nake so in ce wa "ka gani ko?" ba ya nan.

Mama ta ce za a raba kayansa in ka zo Kebbe. Don Allah a bar mini igiyar, kada a kwance ƙullin.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da kowa. In ba takura, ka yarje mini in sake rubutowa. Dariyarka irin tasa ce.

'Yarka,
Nafisa