Ban Duba Cikin Surukina Ba

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ina tsaka da awon masu ciki a ƙaramin asibitinmu da ke wajen Sara mijina ya kira. Ya ce, "Baba ya faɗi a gona. Kafin a kawo shi gida ya cika." Na ajiye wayar na ƙarasa auna matar da ke gabana, don na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Baba mahaifin mijina ne. Da likita a Birnin Kudu ya ɗora shi kan allurar insulin saboda ciwon suga, sai kowa ya ce an huta, ai akwai ma'aikaciyar lafiya a gida. Kuma aikina ne. A asibiti ba na sallamar mutum sai ya ɗaga riga ya yi allurar a gabana, in nuna masa yadda zai riƙa sauya wuri, yau nan gobe can, in ya dawo in shafa in ji ko wurin ya yi ƙulli. Amma surukina? Mutumin da ko sunansa ba na faɗa, wanda nake durƙusawa tun daga nesa in gaishe shi? Lemon zaƙi na ɗauka na nuna masa yin allurar a kai, kaina a sunkuye. Ya yi dariya ya ce, "To Likita, lemon ya warke?" Na ce, "Baba, a gefen cibiya za a riƙa yi." Maganar sauya wuri, na faɗa ko ban faɗa ba, wallahi ban tuna ba. Abin da na tuna, sauri nake in fita.

Sugan ya ƙi sauka, likita ya yi ta ƙara masa yawan maganin, ni kuma ina zargin Baba da shan zaƙi a ɓoye. Sai bayan an yi masa sutura mijina ke gaya mini wai akwai wani tauri gefen cibiyarsa kamar ƙwan zabo, kuma a kwanakin nan ya koma yi a cinya don wurin ya dame shi. Ni nake koyar da wannan: allura a kan ƙulli ba ta bin jiki sosai, ranar da aka koma lafiyayyen wuri da magani mai yawa, sai sugan ya faɗi ƙasa gaba ɗaya. Na san kwana ne ya ƙare. Amma kunyar me na ji da ta fi ransa?

Mijina ya ce likitan ne ya cika masa magani. Na bar shi a kan haka.

Wurin zaman makoki Baffa, ƙanin Baba da ke Farin Dutse, shi ma mai allurar ne, ya ce mini, "'Yata, yadda kika koya wa Yaya nake yi, wuri ɗaya, ba na kuskure." Na roƙi mijina ya kai shi asibiti namiji ya duba shi. Ya ce, "Wurin waɗanda suka kashe Baba? Ai ke kin fi su." Ba zan iya aika wa Baffa cewa ya sauya wuri kawai ba, don sauyin wurin ne nake zargin ya yi ajalin Baba. Sai an duba, an gyara yawan maganin. In kuwa na faɗi dalili, mijina zai san wanda ya yi sakaci.

Me zan yi? Har yau ban ga cikin Baffa ba, kuma gobe da safe zai sake yin allurar.