Shuɗiyar Alkyabbar Fauziyya

Hayyin Ashir, Alƙahira
Satumba 2013

Zuwa ga Goggo Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya ke da mutanen Tudun Wada. Malam Bukari mai kai turare Kano zai taho, shi ne na ce bari in ba shi wannan, don abin da nake so ba zai faɗu a waya ba.

Goggo, ɗinki nake so ki koya mini. Kada ki yi dariya. Na san na sha gudu duk lokacin da kika zaunar da ni gaban keke.

Akwai fina-finan zane na Japan da ake kira anime. Ilham ce ta koya mini kallonsu, 'yar Hausawan Sudan ɗin nan da muke ɗaki ɗaya. Masu son su kan yi taro a wani zaure a unguwar Dokki, kowa ya ɗinko kayan wanda yake so a cikin fim ya sa. Mun yi alkawari za mu je tare a watan Maris. Ni na zaɓi wata yarinya mai gadin ƙofar gari, tana da shuɗiyar alkyabba mai tsayayyen wuya da fararen tsuntsaye a gefe. Gashinta shuɗi ne, ni kuwa shuɗin hijabi zan sa.

Yanzu Ilham ta koma Khartum, an yi mata aure. An ɗaga buɗe jami'a saboda rikicin nan, ga dokar hana fita. Sai in wuni ban yi magana da kowa ba, in ban da mai gurasa. Na sayo yadi a kasuwar Wikala, na yanka, wuyan ya ƙi tsayawa. Yaya ake yi?

'Yarki,
Fauziyya

Tudun Wada, Zariya
Nuwamba 2013

Fauziyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi.

Na karanta takardarki sau biyu kafin in gane cewa tashe kike shirin yi. An tura ki karatun haɗa magunguna, kin ɓige da tashe ba azumi ba. To, Allah ya kyauta. Amma tun tafiyarki ban samu komai daga gare ki ba sai "Goggo ina wuni, katina zai ƙare", saboda haka ba zan yi faɗa ba.

Wuya ba ya tsayawa da kansa. Ki nemi farin ƙyallen nan mai gam, ki sa shi tsakanin yadi biyu, ki danne da dutsen guga mai zafi. Kada ki ja dutsen, dannawa ake yi. Ki fara ɗaurin zare da hannu, ki gwada a jikinki, sannan ki hau keke. Tsuntsayen kuma ki zano mini ɗaya in ga kamarsa.

Ba ki faɗa mini wanda zai raka ki ba. Kuma kina cin abinci?

Goggonki,
Rahamatu

Hayyin Ashir
Disamba 2013

Goggona,

Gaisuwa mai yawa. Wuya ya tsaya! Na tsaya gaban madubi ina ta juyi, ba wanda zan nuna wa.

Keke na samu wurin Mahasin, wata Basudaniya a ƙasan benenmu da ke ɗinka labule. Ba ta da yawan magana. Takan tura mini shayi ta ce, "Yalla, ɗinka," shi ke nan. Wani lokacin ina jan aikin da gangan don kada in koma sama.

Ilham ta ce za ta roƙi mijinta su zo a Maris. Jiya ta turo saƙo: "Ma'alish ya habibti, yi haƙuri ƙawata, ba zai yiwu ba." Ban amsa ba tukuna.

Sannan wata ta ga alkyabbar a shanye, magana ta kai kunnen Nana Fatima, shugabar ɗalibai mata 'yan ƙasarmu. Ta kira ni gefe ta ce, "Ukhti, ba haram na ce ba, amma mutane za su ce me?" Na ce, "Waɗanne mutane? Wata uku ba wadda ta ƙwanƙwasa mini ƙofa." Daga baya na ji kunyar bakina. Tun ranar ko walimar Juma'a ban koma ba. Ina tunanin in fasa zuwa taron ma, khalas, shi ke nan.

Ga zanen tsuntsun. Amma Goggo, me ya samu rubutunki? Ke da kika koyar a firamare, kike dukan hannuna in na tsallake layi, ga naki yana hawa yana sauka. Ki gaya mini gaskiya.

Taki,
Fauziyya

Zariya
Janairu 2014

Fauziyya,

Bayan gaisuwa. Tunda kin tambaya, ido ne. Likita ya ce hawan jinin ido, kuma na makara. Na dama ya tafi, na hagu yana bin sa a hankali. Ni na hana babanki gaya miki. Keken na rufe shi tun bayan babbar salla, masu kawo ɗinki sun daina zuwa, gidan ya yi tsit.

Kada ki ce za ki taho, jarrabawa na gabanki. Kuma kada ki fasa zuwa wurin tashenki. Wadda ta yanka yadi sai ta sa shi.

A cikin ƙunshin nan akwai zirin ƙyalle da na ɗinka wa tsuntsayen. Husaina maƙwabciyata ke zura mini zare, ni kuma ina bin zanen da yatsa. Na san wasu sun karkace. In ba su yi ba ki ajiye, ba zan ji haushi ba.

Ki amsa wa ƙawarki saƙonta. Aure ba laifi ba ne.

Rahamatu

Hayyin Ashir
Maris 2014

Goggona,

Ina gaishe ki, ya jikin? Na yi kuka da na buɗe ƙunshin, har Mahasin ta kashe kekenta ta zo ta zauna kusa da ni. Ita ta taya ni ɗora zirin a gefen alkyabbar.

Na je, Goggo. Na ninke alkyabbar a jaka, na shiga banɗakin zauren na sa ta. Wurin cike yake, ga kiɗa, ga masu takubban kwali, kowa da ƙungiyarsa. Na tsaya jikin wani ginshiƙi. Wani saurayi ya dube ni ya ce wa abokinsa, "Ai yarinyar nan fara ce a fim." Ya zaci ba na jin Larabci. Na kusa komawa in cire.

Sai wata Bamisiriya mai tabarau ta zo da gudu tana kiran sunan yarinyar fim ɗin, wai ni. Ta kama gefen alkyabbar ta ce, "Wannan aikin hannu ne! Ke kika yi?" Na ce, "Goggona ce." Ta ce, "Wannan tsuntsun kamar zai faɗo." Na ce, "Haka take son sa." Ta ɗauke ni hoto da wayata, ƙawayenta suka kira ta, ta tafi. Ko sunanta ban tambaya ba.

Na zauna har aka tashi. Na ci sanwic ɗina a kan matakala, na hau mota na dawo. A hanya na tura wa Ilham hoton, ta kira ni muka yi ta surutu har na wuce tashata.

Na wanko miki hoton babba. Ina gama jarrabawa zan taho, kuma wannan karon ba shawara nake nema ba.

'Yarki,
Fauziyya

Zariya
Afrilu 2014

Fauziyya,

Sallama da gaisuwa. Husaina ce ke rubuta mini wannan.

Hoto ya iso. Na kai shi bakin taga da hantsi, na ga wani abu shuɗi a tsaye shi kaɗai. Husaina ta ce kina murmushi. Na ce ta sake dubawa, ta ce wallahi kina yi.

Ban yarda ba tukuna. In kin zo kya faɗa mini da bakinki.

Allah ya kawo ki lafiya.

Goggonki