Farin Gishiri a Bakin Tafkina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Gunduma,
can yammacin Texas, ƙasar shanu da rijiyoyin mai.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan majalisarka, sunana Ilu Ɗan Dakoro. Daga Greensboro nake rubuto maka, da Hausa, don da ita nake iya fushi ba tare da na yi tuntuɓe ba. 'Yata Balkisu za ta juya maka ita zuwa Turanci, na kuma gargaɗe ta kada ta zuba mata sukari. Na yi ta sintiri a ofishinka ban taɓa wuce teburin magatakarda ba, shi ya sa na fito fili.

Na farko, yadda na zama naku. Shekaru na yi ina jan kamiyo, babbar motar kaya, ina ratsa gundumarku. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, daga ƙaya sai iska, ruwan sama sai an roƙa, gari ɗaya ne tal mai kotu da kara, wato kasuwar shanu, ga injinan mai suna sunkuyawa suna ɗagowa kamar kaji suna tsintar tsaba. Abokan tuƙina cewa suke ba abin kallo a nan. Ni kuwa garinmu Dakoro nake gani. Na sayi fili mai tafki, na duba shi yadda mahaifina ya koya mini: na tsinki ciyawa na tauna, na ɗanɗana ruwa, na tambayi maƙwabta iyaka. Ban tambayi wa ke da ƙarƙashin ƙasa ba, domin a wurinmu mai gona shi ne mai rijiyar da ke cikinta. Sai daga baya na ji cewa a dokarku saman ne nawa, abin da ke ƙasa na kamfanin mai ne, kuma yana da ikon ratsa filina da bututu. Na haɗiye wannan, baƙo ba ya gyara dokar gari.

Na biyu, cikin garken da na zuba a filin akwai jar saniya da ba tawa ba ce. Hajiya Azumi, dattijuwar da ta saukar da ni a ɗakinta na Gate City, nan Greensboro, lokacin da na zo ƙasar nan ba ni da ko bargo, ita ta saye ta karsana ta ba ni habbanaye. Al'adarmu ce ta makiyaya: a ba ka aron saniya, 'ya'yan da ta haifa naka ne, ita kuwa uwar sai ka mayar wa mai ita da ƙafarta. Ba a sayar da ita, ba a yankawa, ba a biya da kuɗi. Wanda ya bari saniyar habbanaye ta lalace a hannunsa, ya bar abin faɗi har jikokinsa.

Na uku, abin da ya faru, kuma ina so ka karanta shi a hankali. A bazarar bara na ga bakin tafkina ya yi fari fat, shanu sun yi dafifi suna lasa. Ranka ya daɗe, murna na yi. A ƙasarmu makiyayi yakan kora shanu tafiyar makonni don su lashi gishiri da kanwa, jikinsu ya murmure. Ni ga shi Allah ya kawo mini har gida. Da hannuna na buɗe shinge na koro waɗanda ke nesa don kada a bar su a baya. Har waya na yi wa Hajiya ina mata albishir, ta ce, "Ilu, ka ga arziki ya bi ka har Amurka. A bar ja ta lasa sosai, tana da ciki."

Maƙwabcina Mista Dale, tsohon makiyayi, shi ya hango mu daga motarsa ya shigo a guje yana ihu yana korar shanun da hularsa. Ashe bututun kamfanin ne ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, wanda ke ɗaukar gurɓataccen ruwan da ke fitowa tare da mai, ya tsiyaye cikin tafkina. Kafin mako ya zagayo yawancin garken sun kwanta. Na ga shanun da na sani ɗaya bayan ɗaya suna rawar jiki suna kumfa, ni da na kore su zuwa wurin ina tsaye. Jar saniya ta tsira da ƙyar, amma ta zubar da cikin.

Na huɗu, rabonku a ciki. Mista Dale ya shaida mini cewa tun kafin nan ya kai wa ofishinku rahoton bututun yana yoyo ta ɓangarensa. Ba wanda ya zo, ba a kafa ko allon gargaɗi ba. Da na kai kuka, aka ce wannan aikin jiha ne. Jiha ta ce in nemi kamfani, kamfani ya ce in nemi lauya. Wani ma'aikacinku kuwa ya dube ni yana murmushi ya ce duk makiyayin kirki ya san ruwan rijiyar mai idan ya gan shi. Na yi kiwo tun ban kai tsayin sanda ba, amma a ƙasar da ba a binne guba a ƙarƙashin makiyaya. Na san harajin mai ne ya gina ofishinku da makarantarku, na kuma san bakin da ya ci ba ya son magana. Amma a jikin motocinku kan saniya kuka zana, ban ga kun zana bututu ba.

Yau na komo Greensboro ina ɗaukar kaya a wani sito a Wendover, jar saniya tana wurin Mista Dale. Ya faɗa mini gaskiya: ciyawar da ya tanada bana ba za ta ɗauki baƙuwa ba in sanyi ya shigo. In tafkina bai gyaru ba kafin nan, sai kara, kuma ramammiyar saniya irinta mahauta ne kawai ke tayawa.

Don haka ina roƙo a tilasta wa kamfanin ya kwashe gurɓatacciyar ƙasar ya gyara tafkin kafin sanyi, a kuma shinge wurin a kafa allo don wani baƙon kada ya yi murnar da na yi. In kuma binciken ofishinku ya nuna ruwan lafiya lau ne, ka zo da kanka, zan taso daga Greensboro in miƙa maka kofi.

Hajiya Azumi ƙafafunta sun daina kai ta ko bakin ƙofa. Na taɓa yi mata maganar kuɗin saniyar, ta kawar da kai ta ce, "Ni dala na ba ka?" Duk Juma'a in na je gaishe ta tambayarta ɗaya ce, ko ja ta samu ruwan sha. Ina so wata Juma'ar in amsa mata ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Allah ya yi maka jagora, ya shayar da kai da iyalinka ruwa mai daɗi, kada ya ɗanɗana muku irin na tafkina.

Wassalam.
Ilu Ɗan Dakoro, Greensboro.