Ƙwaryoyin Zauren Dagaci

Karaye, Nuwamba 1971

Yaya Mariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Baba da yayarsa Goggo.

Tun da na dawo bakin aikina a ɗakin shan magani hankalina bai kwanta ba. Ranar Juma'a na ga Baba yana tsayawa hutu tsakanin zaure da masallaci, yana haki, ƙafafu a kumbure. Akwai wani likita daga Kano da ke bincike kan ƙiba, yana rage wa masu jiki abinci ya ga ko hawan jininsu zai sauka. Na kwatanta masa Baba. Ya ce kitse ya yi wa zuciyarsa nauyi, kuma har yanzu ba a samo allurar narkar da shi ba. Sai dai a rage tuwo, a bar man shanu, a riƙa tattaki. Don Allah ki tsaya a kan wannan, ni ba ya jin maganata.

Ƙanenki, Nasidi

Rogo, Disamba 1971

Malam Likita,

Muna amsawa, kowa lafiya. Kai dai ka manta gidan da aka haife ka! Lokacin kaka ne, kuma Baba dagaci ne. Kowane gida sai ya aiko da ƙwaryar abinci, in ta koma ba a taɓa ba sai a ce Dagaci na fushi da maigidan. Amma na yi dabara: loma ɗaya yake yi a kowace, sauran in miƙa wa baƙi. Na ce ya hau sikelin gyaɗa mu ga nauyinsa, ya ce shi ba buhu ba ne. Duk da haka riga ta fara yi masa yawa, ko dokinsa ya daina nishi.

Ka gai da likitan naka.

Yayarka, Mariya

Rogo, Janairu 1972

Nasidi,

Gaisuwa a tsaitsaye, yau ba wasa a bakina. Gari ya ɗauka cewa Baba ya rame, sammu aka yi masa. Lado, ɗan ƙanensa, har ya fara tara mutane a ƙofarsa, wai rawani ya kusa sauya kai. Goggo ta yi ta kuka, ta ce ni na yi wa ƙanenta horon yunwa da takardar boko. Ta kore ni daga madafa. Yanzu fura da zuma da man shanu take ɗura masa, makwabta kuma sun ninka ƙwaryoyi don ya murmure. Na yi masa magana, ya ce, "Mariya, dagacin da ya rame wa zai ji tsoronsa?" Wallahi tsoro nake ji.

Mariya

Karaye, Janairu 1972

Yaya,

Na ga takardarki. Ki gaya wa Goggo, da ladabi, ramar nan ita ce lafiyar. Ni kaɗai ne a wurin aiki, ba a ba ni izinin tafiya ba sai bayan Babbar Salla. Ki lura ko yana kukan ciwon kai ko jiri. Ki roƙe shi ya rage cin nan ya jira ni, ko don darajar marigayiya Inna.

Allah Ya tsare mana shi.

Nasidi

Rogo, Janairu 1972

Nasidi,

Jiya Baba ya yi sujada a sallar La'asar, ya kasa ɗagowa. A tabarma aka kawo shi gida. Yana numfashi, amma hannun dama ba ya motsi, magana ba ta fita. Ƙwaryoyin dubiya sun cika zaure. Tun safe Goggo ke tsaye a bakin ƙofa tana mayar da su da hannunta, tana tambayata ko mun makara.

Ka taho.

Mariya