Mma ta shiga falon matafiya

Daren Laraba, Maamobi

Jirginmu bai tashi ba, an ɗage sai gobe, amma ni dai murna nake yi!

Tun da na yanki katin falon matafiya na filin jirgi mahaifiyata, Mma, ke yi mini faɗa. Wai don ina zuwa Legas saro leshi ne zan biya kuɗin zama a kujera? Ko a kasuwar Makola sai da ta ba ƙawayenta labarin almubazzarancina.

Yau da zan kai ta Kano ganin ƙanwarta, aka yi ta jan mu tun safe. Ƙafarta ta kumbura, ga ba wurin zama, har na tsorata kar ta faɗi. Na je ƙofar falon na nuna katina, ma'aikatan suka ce ina iya shiga da baƙo ɗaya.

Ta miƙe ƙafa a kujera mai laushi, ta sha shayi, ta yi alwala da ruwan ɗumi, ta yi azahar a natse. Can ta jawo hannuna, ta ce, “Rabi, ina mai gidan nan? Kai ni in gaishe shi, bai kamata mu ci abincin mutum mu fita haka ba.” Na yi dariya har da hawaye.

Yanzu ina jiyo ta a tsakar gida tana ba maƙwabta labari. Ɗazu ta leƙo ɗakina, fuska a ɗaure, ta ce, “Gobe mu fita da wuri. Kuma kar ki manta katinmu.”

Katinmu!