Makarantar Rabi Ta Zo Ta Ƙarshe

Daren Alhamis, Wadi Bawanis

Sakamakon jarrabawa ya fito. Sakandaren ƙauyenmu ce ta ƙarshe, ta garin Tamanhint na gabanta, makarantun birnin Sabha kuwa sun yi mana fintinkau. Mai gonar da nake wa aiki ya ce in mai da 'yata Rabi Sabha, yanzu ana karɓar 'ya'yan baƙi irinmu a makarantun can, shi zai tsaya mata. Yini na yi ina ban-ruwan dabino ina murmushi.

Da na gaya wa Rabi, ba ta yi murna ba. Ashe ita ke koya wa ƙawayenta lissafi bayan la'asar.

"Baba, in na tafi, wa za su tambaya?"

Haka uwarta take, Allah ya ji ƙanta, ba ta iya cin tuwo maƙwabta na kallo.