Kaset ɗin da Inna ta bar maka

Shagari,
9 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga Yaya Bawa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Zainabu, a wannan ƙasa ta sanyi. Allah ya ba ka sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan mun gode Allah, sai dai tsadar da ta hana kowa sakat. Sabulu da madara sai an yi layi, wani lokaci a kai kanka a ce sun ƙare. Kawu Mijinyawa ya kwashe albasarsa, ciwon ƙafarsa ma ya yi sauƙi.

Yaya, sau uku kana tambayata kaset ɗin da Inna ta yi maka kafin rasuwarta, ina ta ce maka sai na sami mai kai maka. Yau zan faɗa maka gaskiya: babu shi. Ka tuna ƙaramar kwamfutar da ka bari a gida Boɗinga, wadda ake haɗawa da talabijin da rikoda? Tun da aka rage ma'aikata aka sallami ƙanenmu Attahiru, ba shi da aiki sai ita. Da an kawo wuta zai zauna kan wani wasa na neman hanya cikin kogo, gemai-gemai da shi, ko sallama ba ya ji. Wai na'urar ba ta riƙe komai. Da wuta ta ɗauke sai ta manta inda ya kai, har maɓallan da ya tsara wa kansa, sai in ya ɗauki abin a kaset. Sabon kaset kuwa ya yi wuya a kasuwa. Sai ya buɗe akwatin Inna, ya ga wani babu rubutu a jikinsa, ya ɗauka.

Ran Juma'a na je Boɗinga don na sami mai zuwa Ingila da zai kai maka hannu da hannu, tunda ban yarda in sa shi a gidan waya ba. Na sa a rikoda in tabbatar, sai wani ƙara mai tsinka kunne. Na juya ɗaya gefen, haka. Da na tsare Attahiru, ya ce wallahi bai saurara ba kafin ya danna, kuma littafin wasan cewa ya yi a sa kowane kaset. Har da gaya mini wai da na ɓalle 'yan haƙoran bayan kaset ɗin da wasan bai hau kansa ba. Ni ina na san kaset na da haƙora? Abin da ya fi ƙona mini rai, kullum sai ya matsa gaba kaɗan kafin ya ɗauka, don kada ya goge wasansa na jiya. Da wannan taka-tsantsan ya cinye gefe biyu.

Na ɗauki nawa laifin, tunda ban rubuta suna a kai ba. Amma kai da kake karatun waɗannan na'urori, ka gaya wa masu ƙera su: abin da zai tuna da wasa, a yi masa ma'ajinsa a cikin na'urar, ko a yi masa kaset nasa daban wanda na mutane ba zai shiga gurbinsa ba. Ko albasar Kawu tana da rumfarta, ba a zuba ta a ɗakin kwana. Ta yaya mai hankali zai ƙera abin wasa, ya ce ya ajiye kayansa a inda mutane ke ajiye muryar iyayensu?

Ka san kai ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa zama ta yi hira da kai ba, sunanka ma ba ta faɗa, sai dai ta ce "wancan". Ranar da ta yi kaset ɗin ta sa na danna mata, ta ce in fita in ja ƙofa. Ta fi rabin sa'a tana magana. Ban saurara ba daga baya, don na ga ba nawa ba ne, saboda haka kada ka tambaye ni abin da ta ce, ban sani ba, kuma babu wanda ya sani. Abu ɗaya na ji daga tsakar gida, ina tankaɗe: ta kira sunanka, Bawa, har sau biyu, da ƙarfi.

Kawu Mijinyawa da maigidana suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Zainabu. Attahiru ya ce zai rubuto maka da kansa, har yau bai iya ɗaukar biro ba. Ni dai ban yafe masa ba tukuna, kai ka ga abin da za ka iya.

Taka ƙanwa,
Uwani